Faɗakarwa Ga Malamai Da Fatake A Kan Wasiƙun Zamba Da Na'urar Da Ake Tambaya

 Ga wata mas'ala da ta taso a wannan zamani wadda ta cancanci a zauna a dube ta da idon basira, domin ta shafi dukiyar mutane da mutuncinsu. Mas'alar kuwa ita ce ta na'urorin nan masu amsa tambaya, waɗanda ake kira ƙirƙirarriyar basira, da yadda jama'a suka fara kai musu wasiƙun da suke shakka a kansu, suna tambayarsu ko gaskiya ce ko tarko. Mutane sun rabu biyu a kan wannan. Wasu sun ce an sami mai gadi wanda ba ya barci, wasu kuwa suka ce ai kura aka ba ajiyar nama. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, sai dai al'amarin ba ya warwaruwa sai an rarrabe abin da na'urar take iya gani da abin da ba ta da ikon gani.

Fasali na farko: asalin cutar

A sani cewa zamba ta hanyar wasiƙa ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun cikin ƙarni na 19 ake aika wa mutane takarda ta gidan waya a ƙasashen Turai da Amurka, ana cewa wai wani mai dukiya yana tsare a kurkukun Sifaniya, yana neman mai tausayi ya aika ɗan kuɗi a fanshe shi, shi kuma ya saka masa da kaso mai tsoka daga taskarsa. Wanda ya aika, sai a ce an sami cikas, ya ƙaro. Haka za a yi ta tatsarsa har ya gane ko ya tsiyace. Wannan dabara ce ta yi suna a Nijeriya da lambar 419, watau lambar sashen da ya yi magana a kan cin dukiya ta hanyar yaudara a cikin kundin laifuffukan da ake aiki da shi a jihohin kudu. Mafi shahara a cikin irin waɗannan shari'u ita ce ta Emmanuel Nwude, wanda shi da abokansa suka karɓe dala miliyan 242 daga wani jami'in bankin Noroeste na ƙasar Barazil tsakanin 1995 da 1998, da sunan kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja. Hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003, ita ta kai shi gaban alƙali, aka same shi da laifi a 2005.

Abin da ya sake a yau shi ne hanya da sauri. Da can sai macuci ya sayi takarda da ambulan da kan sarki, ya jira makonni. Yanzu yana zaune a ɗaki zai aika saƙo dubu goma kafin shayinsa ya huce, ta imel, ko ta saƙon waya, ko ta WhatsApp da Facebook. Turawa sun kamanta wannan aiki da kamun kifi, kuma kamancen ya yi daidai: a sa tana a bakin fatsa, a jefa cikin ruwa, a jira. Tanar ita ce albishir ko tsoratarwa, fatsar kuwa ita ce wurin da aka ce mutum ya latsa, ko lambar sirrin da aka ce ya faɗa. Ba kowane kifi ne zai haɗiya ba, amma in mutum ɗaya cikin dubu ya haɗiya, masunci ya ci riba.

Girman ɓarnar ya wuce yadda ake zato. Hukumar FBI ta Amurka tana da ofishin da yake karɓar ƙorafin laifuffukan intanet. A 2023 asarar da aka kai mata rahoto ta kai dala biliyan 12 da rabi. A 2024 ta haura dala biliyan 16, daga ƙorafi 859,532, kuma irin wannan wasiƙar tarko ita ta fi kowane laifi yawan masu kuka. Wannan kuwa lissafin waɗanda suka kai ƙara ne kaɗai, ban da waɗanda kunya ta sa suka haɗiye abin a ciki. Kuma aikin ya tashi daga hannun yaro ɗaya mai waya ya zama sana'a mai ma'aikata da albashi. A watan Disamba na 2024 EFCC ta kama mutum 792 a gini ɗaya a unguwar Victoria Island ta Ikko, cikinsu har da 'yan ƙasar Sin 148 da 'yan Filifin 40, bisa zargin yaudarar mutane da soyayyar ƙarya da jarin ƙarya.

A ƙasar Hausa ƙofar ta ƙara buɗewa tun farkon 2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya bayan an sauya fasalin naira, mai tumatir da mai goro duka suka koma karɓar kuɗi ta waya. Duk wanda ya buɗe asusu ya zama kifi a cikin wannan kogi. Saƙonnin da suke yawo sanannu ne: an rufe asusunka, aiko da lambar BVN a gyara, gwamnati tana raba tallafi, latsa nan ka cika takarda, an sami kujerar Makka da rangwame, biya kafin gobe, wata ƙungiyar ƙasashen Larabawa za ta gina wa makarantarka azuzuwa, sai dai ka fara biyan kuɗin rajista. Akwai kuma wanda ya fi shafar malamai: a kira mutum a ce ana shirya taron ƙungiya, an turo masa wata lamba mai alƙaluma 6, ya karanto ta. Da ya karanta, WhatsApp ɗinsa ya fita daga hannunsa, sai a shiga bin almajiransa da abokansa ɗaya bayan ɗaya da sunansa da hotonsa, ana neman rance na gaggawa. Nan asarar ta haɗa da abin da ya fi kuɗi, domin sunan malami shi ne jarinsa.

Fasali na biyu: na'urar da abin da take iyawa

A ranar 30 ga Nuwamba 2022 kamfanin OpenAI na Amurka ya fitar da ChatGPT. A 2023 Google ya fito da tasa, wadda aka sauya wa suna zuwa Gemini a 2024. Microsoft yana da Copilot, kamfanin Meta kuma ya sa Meta AI a cikin WhatsApp, ta iso Nijeriya da Gana a watan Afrilu na 2024. Saboda haka mutane da yawa suna ɗauke da ita a aljihu ba su ma sani ba.

Yadda aka yi ta kuwa shi ne, an tara rubutu mai yawan da ba mahalukin da zai iya karance shi ko da an ba shi shekara dubu, aka bi da na'ura a kansa har ta goge wajen sanin wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo wace. Da wannan take harhaɗa amsa. Misalinta kamar almajiri ne mai kaifin hadda wanda ya zauna a zauruka da yawa, ya ji maganganu iri iri, har ya zama in an fara masa zance ya san inda za a ƙare. To, a cikin abin da ta haddace akwai dubban wasiƙun zamba da bayanin masana a kansu. Don haka in an nuna mata wasiƙa, takan gane kamanninta kamar yadda tsohon dillali yake gane jabun yadi da shafawa ɗaya.

Amfaninta na farko ga wanda karatunsa na allo ne shi ne fassara. Mafi yawan saƙonnin banki da na hukuma da Turanci suke zuwa, a Jamhuriyar Nijar kuma da Faransanci. Macuci yana fakewa da wannan duhu. Mutum yakan ji nauyin kai wasiƙarsa ga yaron maƙwabci ya karanta masa, don kada sirrinsa ya fita, sai ya yi abin da aka ce masa a makance. Yanzu yana iya ɗaukar hoton saƙon ya tura wa na'ura, ya ce ta gaya masa da Hausa abin da ake nema a gare shi. Sai dai a lura, ƙarfinta a Hausa bai kai ƙarfinta a Turanci ba, domin abin da ta karanta na Hausa kaɗan ne, balle a zo ga ajami da rubutun hannu.

Amfani na biyu shi ne nuna alamomi. Wasiƙar tarko tana da halaye da ba ta rabuwa da su. Takan zo da gaggawa, ta ce cikin awa 24 ko a rufe asusu. Takan zo da tsoro ko da kwaɗayi. Takan nemi abin da ba a nema, kamar lambar sirrin kati, ko lambar da banki yake turowa a lokacin fitar da kuɗi. Takan ce kada a gaya wa kowa. Takan nemi a fara biya kafin a karɓi kyauta. Na'ura tana iya zayyano waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ta ce ga inda aka sa tana, ga inda fatsa take.

Amfani na uku ya shafi haruffa, kuma masu allo za su fi kowa fahimtarsa. Kowa ya san cewa ba da ta da nun a tsakiyar kalma jikinsu ɗaya, ɗigo ne kawai ya raba su, kuma fa da ƙaf a rubutun warash bambancinsu ɗigo a ƙasa ko a sama. Haka macuta suke wasa da boko. Sukan jera r da n su yi kama da m, su sa alƙalamin 1 a gurbin harafin l, ko sifiri a gurbin o, su yi adireshin da ya yi kama da na banki ko na kamfani sak, in ba an ƙura ido ba. Adireshin ma'aikatun gwamnatin Nijeriya yakan ƙare da gov.ng, sai macuci ya sa waɗannan haruffa a tsakiya ya ƙare da wani abu dabam. Idon da ya gaji da lissafin yini ba ya kama wannan, amma in an kwafa wa na'ura adireshin aka ce ta duba shi harafi harafi, sau da yawa takan kama.

Amfani na huɗu, wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne jinkiri. Duk ƙarfin macuci yana cikin hana mutum tunani. Minti biyar ɗin da mutum zai yi yana tambayar na'ura sun isa zuciya ta kwanta, hankali ya dawo mazauninsa. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana.

Fasali na uku: inda ganinta ya tsaya

Malaman hadisi sun raba labari kashi biyu, matani da isnadi, watau maganar kanta da kuma jerin mutanen da suka kawo ta. Sun san cewa magana tana iya yin daɗi da tsari alhali mai kawo ta maƙaryaci ne, shi ya sa suka kafa ilmi mai zaman kansa na binciken masu ruwaya. Wannan rabo shi ne mabuɗin mas'alar nan gaba ɗaya. Na'ura gwanar matani ce. Isnadi kuwa ba ta da hanyar kaiwa gare shi. Tana ganin abin da aka rubuta, amma ba ta ganin hannun da ya rubuta, ba ta san wanda yake riƙe da asusun da aka ce a tura kuɗi ba. Ko waɗanda suke iya leƙa intanet su yi bincike a cikinsu, iyakarsu abin da aka wallafa a fili.

Ga abin da ya faru da manyan kamfanonin da suka fi kowa sanin kwamfuta. Tsakanin 2013 da 2015 wani mutumin ƙasar Lituweniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya yi rajistar kamfani da suna irin na Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da Google da Facebook suke sayen kaya a wurinsa. Ya riƙa aika musu takardun neman biya masu hatimi da sa hannu, su kuma suna biya, har kuɗin ya haura dala miliyan 100. A Disamba 2019 wata kotu a New York ta ɗaure shi shekara 5. Takardunsa ba su da aibi a matani. Sunan daidai, lissafin daidai, harshen daidai. Asusun ne kawai ba na masu kayan ba.

To, a ƙaddara wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana sayo yadi daga ƙasar Sin ko Dubai, ya shekara biyar yana hulɗa da mutum ɗaya. Ɓarawo ya sace mabuɗin imel ɗin wancan mutumin, ya zauna shiru yana karanta cinikinsu har ranar biya ta zo. Sa'an nan ya rubuto daga ainihin adireshin, da irin gaisuwar da aka saba, ya ce bankinsu yana da matsala wannan wata, a tura kuɗin ga sabon asusu. In an kai wa na'ura wannan, mai yiwuwa ta yi gargaɗi cewa sauya asusu abin tsoro ne, kuma gargaɗin yana da amfani. Amma ba ta da ikon cewa wannan saƙo daga abokin cinikinka ya fito ko daga ɓarawo. Wannan sai murya ta ji murya, a lambar da aka sani tun da.

Haka kuma hoton saƙo ba ya nuna komai da komai. Sunan da yake bayyana a saman imel kowa yana iya rubuta wanda ya ga dama, ainihin adireshin yana ɓoye a ƙarƙashinsa sai an taɓa. Rubutun da aka ce a latsa yana iya nuna sunan banki alhali yana kai mutum wani gida dabam. In hoto kawai aka ba na'ura, riga aka nuna mata, ba ta ga mai rigar ba. Irin wannan ne alat na bogi da ake cutar masu shaguna da shi. Saƙon shigar kuɗi na ƙarya da na gaskiya kalmominsu ɗaya ne, ba abin da zai raba su sai mai shago ya buɗe asusunsa da kansa ya ga kuɗin sun zauna.

Sa'an nan na'urar tana da wani hali da ya wajaba a sani: takan faɗi abin da ba shi ne ba da cikakkiyar natsuwa, ba tare da muryarta ta yi rawa ba. A watan Yuni na 2023 wani alƙali a New York ya ci wasu lauyoyi biyu da ofishinsu tarar dala 5,000, saboda sun kawo wa kotu hukunce-hukunce shida da ChatGPT ta ba su, aka bincika aka tarar ba a taɓa yin waɗannan shari'u ba. In ta iya ƙaga wa lauya shari'a, tana iya ƙaga wa ɗan kasuwa lambar wayar banki. Saboda haka ba a karɓar lambar waya ko adireshi daga bakinta a yi aiki da shi. Ana ɗaukarsu daga bayan katin banki, ko daga takardar da aka karɓa a reshe hannu da hannu.

Akwai kuma wata sabuwar dabara. A 2025 masu bincike sun nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin imel da farin rubutu a kan farin shafi, idon mutum ba ya gani amma na'ura tana karantawa, har ta bi umarnin ta faɗa wa mai wasiƙar abin da macuci yake so ya ji. Kamfanoni suna ta toshe irin waɗannan kafofi, macuta kuma suna ta neman wasu. Ma'anarsa dai, mai gadin ma ana iya yi masa raɗa a kunne.

Fasali na huɗu: wuƙar tana hannun kowa

Abin da ya sa masu tsoro suke da hujja shi ne, na'urar da take taimakon mai dukiya ita ce take taimakon ɓarawo. A da ana gane wasiƙar zamba da gurɓataccen Turanci da kurakuran rubutu. Wannan alama ta mutu. Yanzu wanda bai iya haɗa jimla ba yana iya fitar da wasiƙa mai kama da ta babban akawun banki. Manyan kamfanoni sun sa wa na'urorinsu takunkumi don kada su rubuta irin wannan, amma tun Yuli 2023 aka ga ana tallar wasu marasa takunkumi a ɓoyayyun kasuwannin intanet, kamar wadda ake kira WormGPT. Kuma katangar harshe da ta daɗe tana kare Bahaushe ta fara rushewa, domin macucin da bai taɓa taka ƙasar Hausa ba yana iya aiko da saƙo da Hausa, har da sallama da addu'a a ƙarshe.

Abin bai tsaya ga rubutu ba. A farkon 2024 wani ma'aikacin kuɗi na kamfanin Arup a birnin Hong Kong ya sami saƙo wai daga babban jami'in kuɗin kamfanin da yake Ingila, ana neman ya tura kuɗi a asirce. Da fari ya yi shakka, kuma shakkarsa daidai ce. Sai aka gayyace shi taro ta bidiyo, ya ga fuskar shugaban nasa da ta wasu abokan aiki, ya ji muryoyinsu, zuciyarsa ta kwanta. Ya tura kuɗi sau 15 zuwa asusu 5, jimlarsu dalar Hong Kong miliyan 200, wajen dalar Amurka miliyan 25. Ashe duk fuskokin da muryoyin na'ura ce ta ƙaga su. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to ga zamanin da gani ma yake bukatar shaida. Malamin da karatunsa ya yaɗu a wayoyi, da attajirin da ake ɗaukar jawabinsa a taro, su sani muryarsu tana hannun duk mai son kwaikwayonta.

Har sunan ƙirƙirarriyar basirar ma ya zama tana a bakin fatsa. Jama'a ba su manta da MMM ba, wadda ta yi alkawarin ribar 30 cikin 100 a wata, ta rufe kuɗin mutane a Disamba 2016. A Afrilu 2025 sai ga CBEX ta rushe da dukiyar jama'a, bayan ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, tana cewa wai na'ura ce take yi mata ciniki. Riga ce sabuwa a jikin tsohuwar cuta. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne ko da wane suna aka kira shi.

Fasali na biyar: abin da ba a ba ta

Duk abin da aka rubuta wa na'ura yana tafiya ne zuwa rumbun kamfanin da ya mallake ta a wata ƙasa, yana iya zama a can, kuma a wasu tsare-tsaren ana iya amfani da shi wajen ƙara horar da ita. A watan Mayu na 2023 kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan na'urori a kayan aikin kamfani, bayan wasunsu sun zuba mata bayanan sirri. In kamfani mai wannan girma ya ji tsoro, mai shago ya fi cancanta ya ji. Kafin a tura mata saƙo, a shafe lambar asusu, da lambar BVN, da ta NIN, da lambobin kati. Lambar sirri kuwa da lambar da banki yake turowa ta lokaci ɗaya, waɗannan ba a faɗa wa kowa, mutum ne ko na'ura, ko da wanda ya kira ya ce shi manajan banki ne. Banki ba ya neman su. Wanda kuma aka ba amanar wasiƙar wani ya karanta masa, ya nemi izninsa kafin ya tura ta wani wuri. A kuma yi hattara da jabun manhajoji masu ɗaukar sunan waɗannan na'urori, waɗanda ake turowa a zaurukan WhatsApp a ce a sauke kyauta. Sau da yawa su ne ɓarayin da kansu.

Fasali na shida: yadda ya kamata a ɗauke ta

Daga abin da ya gabata hukunci ya fito, kuma shi ne maganar na'ura ba nauyinta ɗaya ba a fuska biyu. In ta ce wannan saƙo yana da alamun zamba, maganarta ta isa a tsaya, domin tsayawa ba ta cin komai sai ɗan lokaci. In kuwa ta ce ba ta ga aibi ba, wannan bai zama izni a tura kuɗi ba, domin rashin ganin aibi a matani ba ya tabbatar da isnadi. Tana iya hana mutum tafiya, amma ba ta isa ta sallame shi ba.

Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja sayen goro suna da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya, suna da madugu mai yanke shawara, suna kuma da fatoma a kowane zango wanda ya san mutanen gari, ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Ba a taɓa jin ayarin da ya sallami madugu da fatoma don ya sami jagaba mai kaifin ido ba. Haka sarakunan da suka gabata ba su wadatu da kyawun rubutun wasiƙa ba, sai sun duba hatimi, sun kuma san manzon da ya kawo ta. Na'ura jagaba ce. Madugu shi ne hankalin mai dukiya, fatoma kuwa shi ne mutumin da aka sani, wanda za a kira a ji ta bakinsa.

Saboda haka tsarin da ya fi aminci shi ne, in saƙo ya zo yana neman kuɗi ko lamba ko a latsa wani wuri, kada a taɓa komai a cikinsa tukuna. A shafe bayanan sirri, a nuna wa na'ura, a tambaye ta abin da saƙon yake nema da alamun da ta gani, kada a tsaya ga tambayar ko gaskiya ne kawai, domin dalilanta sun fi hukuncinta amfani. Sa'an nan a bar saƙon gefe a bi wata hanya dabam zuwa ga wanda aka ce shi ya aiko: a kira lambarsa ta da, ko a taka zuwa reshen banki, ko a aika yaro. In murya ce ta kira tana neman taimakon gaggawa, a kashe a sake kira, ko a yi tambayar da ba mai amsa ta sai ɗan gida. Abokan ciniki na nesa su yi yarjejeniya tun yanzu cewa ba a sauya asusun biya ta wasiƙa. Kowa kuma ya sa wa WhatsApp ɗinsa makulli na biyu, wanda yake cikin saitinsa kyauta. In kuwa ƙaddara ta riga fata, kada kunya ta sa a kwana. A sanar da banki nan take a rufe kati da asusu, domin kuɗin sata ba sa daɗewa a wuri ɗaya, sa'an nan a kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC, a kuma sanar da 'yan'uwa kada a cuce su da sunan wanda aka cuta.

Akwai kuma nauyi a kan shugabanni. Bankunan da suke cin riba da kuɗin 'yan kasuwar Kano da Katsina da Sakkwato ya dace su riƙa aika gargaɗinsu da Hausa, da boko da ajami, da murya ga wanda ba ya karatu. Shugabannin kasuwanni, daga Kurmi zuwa Dawanau, daga Maraɗi zuwa Damagaram, suna iya ware amintaccen mutum a ofishin ƙungiya wanda za a riƙa kai wa saƙon da aka yi shakka. Malamai kuma, da yake maganarsu tana shiga inda takardar hukuma ba ta shiga, su gaya wa almajiransu a fili cewa ba za su taɓa neman kuɗi ta saƙon waya ba. Wannan kalma ɗaya tana iya rufe ƙofar da ɓarayi da yawa suke shiga. Su kuma ja kunnen samarin da suke ganin wannan aiki wayo ne, su san cewa dukiyar da aka ci da yaudara sata ce, ko mai ita yana maƙwabtaka ko yana bayan teku.

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wanda yake tambaya da iyakar saninsa. Wanda ya ƙi na'urar ɗungum ya bar wani makami a ƙasa alhali abokin gabarsa ya ɗauka. Wanda kuma ya miƙa mata wuya gaba ɗaya ya sauya macuci ɗaya da makanta biyu, tasa da tata. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai a shafa wa na kai ruwa, ga kuwa gemun manyan kamfanonin duniya an gani yana ci. Allah ya tsare dukiyar bayinsa da mutuncinsu, ya shiryi masu cuta, ya mayar wa wanda aka zalunta da mafificin abin da ya rasa.